Me kamfani ke samu idan ya raba manhajarsa kyauta?

Sadiq_Gwale:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar kwamfuta. Google na bai wa masu ƙera waya Android kyauta, Chrome ma kyauta, alhali dubban injiniyoyi ake biya albashi a kansu. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ina ribar take? Kuma ƙaramin kamfani zai iya bin wannan hanya ya ture wanda ya riga shi kasuwa?

Injiniya_Bashir:
Wa'alaikumus salam, Malam Sadiq. Abin da ya faru da kamfanin Netscape ya ishe ka amsa. A ƙarshen 1994 ya fito da burauzarsa (manhajar buɗe shafukan intanet) mai suna Navigator: ɗalibai da makarantu su ɗauka kyauta, kamfanoni su biya lasisi. Kafin shekara biyu, mafi yawan masu hawa intanet da ita suke hawa. Microsoft ya tsorata, domin idan aiki ya koma cikin burauza, mutum ba zai damu ko Windows ce a kwamfutarsa ko wata ba, kuma Windows ce rumbunsa.

Sai ya fito da Internet Explorer a Agustan 1995, a Disamba Bill Gates ya ce kyauta ce ga kowa, har da kamfanoni. Lissafin a fili yake. Kusan kowace kwamfuta da aka sayar, mai ƙera ta ya riga ya biya kuɗin Windows, saboda haka asarar burauza ba ta taɓa Microsoft ba. Shi kuwa Netscape da kuɗin burauzar yake biyan wani babban kaso na albashi. A Janairun 1998 dole ta sa shi ma ya mayar da tasa kyauta, a Nuwamba AOL, kamfanin haɗa mutane da intanet, ya sanar da sayensa kan dala biliyan 4.2.

Akwai wanda abin ya shafa ta gefe: Spyglass, kamfanin da Microsoft ya karɓi lasisin ginshiƙin burauzar daga wurinsa, bisa cewa zai riƙa samun kaso daga cinikinta. Kaso daga kayan da ba a sayarwa! Sai a 1997 aka sasanta da shi kan dala miliyan 8.

Hauwa_Lauya:
Injiniya, ƙari kaɗan. Ba kyautar kaɗai ce ta kashe Netscape ba, tare hanya ne. A lokacin, da wayar tarho ake hawa intanet, sauke burauza kan ci dogon lokaci, don haka wadda mutum ya tarar a kwamfutarsa ita yake amfani da ita. Microsoft ya hana masu ƙera kwamfuta cire tambarin Internet Explorer, har ya yi wa ɗaya daga cikinsu, Compaq, barazanar janye lasisin Windows a 1996. A shekarar ya ba AOL gurbi a cikin Windows, shi kuma AOL ya rungumi Internet Explorer. A 1997 ya zuba dala miliyan 150 a Apple, Internet Explorer ta zama burauzar da kwamfutocin Mac ke amfani da ita kai tsaye tun daga masana'anta.

A kan irin wannan ne gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai ƙara a Mayun 1998. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin raba kamfanin biyu a 2000. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, amma ta tabbatar cewa ya kare babakerensa ta haramtacciyar hanya. Wato ba da kyauta ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka yi amfani da kasuwar da ka mamaye ka toshe wa wani ƙofa.

Masu amfani kuma sun ɗanɗana kuɗarsu daga baya. Da gasa ta mutu, Internet Explorer 6 ta fito a 2001, ba a ga ta 7 ba sai 2006.

Dan_Farm_Centre:
Na Android ya fi wannan dabara. Gangar jikin manhajar a buɗe take, kowa na iya ɗauka. Amma Play Store da Maps da YouTube ba sa ciki, sai an sa hannu da Google. Wayar da ba ta da Play Store kuwa wa zai saya? Ku dubi yadda kasuwar Huawei ta yi ƙasa a wajen Sin bayan takunkumin Amurka na 2019. Sharaɗin shi ne a sa manhajar binciken Google da Chrome tun daga masana'anta, kuɗin kuma su shigo ta talla da kason da ake cira daga cinikin manhajoji, wanda ya daɗe yana kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Shi ya sa Tecno ko Infinix ɗin da ke hannunka ta zo da su tun cikin kwali. Tarayyar Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 4.34 a 2018 kan waɗannan sharuɗɗa. Microsoft da ke karɓar kuɗin lasisin manhajar wayarsa, Windows Phone, bai daina ba sai 2014, lokacin an gama rabon kasuwa.

Injiniya_Bashir:
Saura batun ƙaramin kamfani, Malam Sadiq. Shawarata kada ya kwaikwayi wannan ido rufe. Kwafin manhaja ba ya cin kuɗi, amma kowane sabon mutum yana ci: hayar sabar da ke riƙe bayanansa, saƙon lambar tabbatarwa, ma'aikacin da zai amsa ƙorafinsa. Yawan jama'a sai ya zama yawan bashi. WhatsApp bai cire dala ɗayar da yake karɓa a shekara ba sai Janairun 2016, bayan Facebook ya saye shi a 2014.

Idan ba ka da wata kafar kuɗi, ka fitar da abin da mutum guda ke ci maka a wata, ka yanke iyakar kyautar tun ranar farko: misali shago ɗaya kyauta, reshe na biyu da kuɗi. Janye kyauta bayan mutane sun saba ya fi komai jawo baƙin jini. Google ma ya sha surutu da ya rufe ajiyar hotuna marar iyaka a Yunin 2021.