Ciwon mara da yawan fitsari amma kullum gwaji ba a ganin komai, wai sanyi ne ko me?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara dan wlh abin nan ya isheni. Na daɗe ina fama da ciwo a ƙasan mara, ba irin murɗawar al'ada ba, wani nauyi ne da raɗaɗi, da zarar fitsari ya ɗan taru sai ya taso, in naje nayi sai inji sauƙi na ɗan lokaci kuma fitsarin ma ɗan tsil ne, kafin in gama alwala in tayar da sallah wani ya sake matsata. Da dare ba barci, har fo na ajiye a ɗaki. Gidan biki na daina zuwa, kwanciyar aure kuma ta koma azaba har maigida ya fara zaton gudunsa nake. A kemis ance sanyi ne, nasha ƙwayoyi kala-kala, nayi allurai, nasha jiƙo, shiru. A asibiti kuma duk sanda aka gwada fitsarin sai ace ba ƙwayar cuta. Wata likita ce tace min wataƙila intastishiyal sistaitis ne, ni ko sunan ban taɓa ji ba. Akwai wadda ta san shi?

Hajiyar Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan sanyi ne yayi miki katutu, asibiti ba sa ganinsa in ya daɗe. Ki dafa citta da kanumfari da tafarnuwa ki matse lemon tsami ki dinga sha safe da yamma, kuma a haɗa da maigidan a maganin in ba haka ba shi zai ta dawo miki da shi. Allah Ya yaye.

Anti Nas:
Hajiya ayi min afuwa amma wannan haɗin zai iya ƙara mata wuta ne, musamman lemon tsamin. Ƙanwata, sanyin mafitsara da muka sani bakteriya ke kawo shi, in aka shuka fitsari a lab za a ganta, a bada maganin da ya dace cikin 'yan kwanaki a warke. Wanda likitarki ta faɗa kuwa ba ƙwayar cuta a cikinsa, shi yasa ko buhun antibayotik kika shanye ba abinda zai canza sai ma ki kashe bakteriya masu amfani ki jawo wa kanki ƙaiƙayin gaba. Kuma ba a ɗaukarsa wajen miji, ba a shafa masa.

Har yau ba a gano takamaiman dalilinsa ba. Bayanin da aka fi yi shine bangon mafitsara ta ciki yana da wata shimfiɗa mai santsi da ke kare naman daga fitsari, in ta samu rauni sai sinadaran fitsarin su riƙa taɓa jijiyoyi kai tsaye, kamar dai a zuba gishiri a gyambo. Shi yasa ciwon ke ƙaruwa in mafitsara ta cika, ya lafa in an juye. Mai lafiya mafitsararsa na riƙe kusan rabin lita, fitsari bai cika wuce sau 8 a yini ba, amma wanda abin yayi wa tsanani yana iya zagawa har sau 60. Mata yafi kamawa nesa ba kusa ba, kodayake maza ma suna yi.

Ba shi da gwaji ɗaya da za ace gashi nan. Ƙa'idar likitocin mafitsara na Amurka itace ciwon ya wuce sati 6 kuma an bincika ba wata cutar da ta jawo shi. Don haka ki nemi a turaki wajen likitan mafitsara a babban asibiti, a duba suga, tsakuwa, tibi (ƙwayar tarin fuka) a mafitsara, matsalar mahaifa. Wani lokacin sukan zura siririyar kyamara su leƙa ciki, kaɗan daga cikin masu ciwon ana samun wani jan miki da ake kira mikin Hunner, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi sama da shekara 100 da suka wuce, irin wannan in aka ƙona shi ana samun sauƙi sosai.

Ɗan Bakin Dam:
Anti a ƙara da tsargiya a lissafin nan. Mu da muka tashi muna wanka a dam da fadama mun santa, ƙwan tsutsarta a bangon mafitsara yake maƙalewa kuma ba kullum ake ganin jinin da ido ba. Baiwar Allah in kin taɓa shiga rafi ko aikin shinkafa ki faɗa wa likita, fitsarin tsakar rana ake kaiwa a duba ƙwan, ita kam tana da magani.

Maman Shagon Ɗinki:
Kai 'yar uwa kamar labarina kike bayarwa. Ni an tabbatar min shi ne kuma gaskiya ba a ce min zai warke kwata-kwata ba, lallaɓa shi ake, yana tashi yana kwanciya, ni gab da al'ada yafi tasowa da kuma in raina ya ɓaci. Abinda yafi taimakona ba magani bane ma, littafi ne, likita yasa na dinga rubuta duk abinda naci da yadda na kwana, nan na kama ɓarayin: shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba, miyar tumatir mai attaruhu, kunun tsamiya, sai zobo wanda rabuwa da shi yafi min ciwo wlh. Goro ma na bari. Amma kowa da nasa, wata tana shan zobonta lafiya lau, ki cire su duka na ɗan lokaci sai ki dinga dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Kar ki kuskura ki rage shan ruwa dan gudun banɗaki, fitsarin kauri zai yi ya ƙara zafi, ki dinga kurɓa kaɗan-kaɗan. In ya taso ina zuba ruwan ɗumi a gora in naɗe da zani in ɗora a mara. An bani amitiriptilin ƙarami da dare, da na karanta takardar naga maganin damuwa ne har na fusata nace wato mahaukaciya aka ɗaukeni, ashe ana bada shi dan kwantar da jijiyoyin ciwo, sai dai yana sa barci da bushewar baki. Maigidan kuma ki tafi da shi asibiti yaji da kunnensa, nawa sai da likita yayi masa bayani ya daina fushi.

Anti Nas:
Ƙwarai. Sai dai kar kowa ya tafi kemis ya siyo dan yaji a nan. Akwai wani maganin ciwon ma mai suna Elmiron da Amurka ta amince da shi tun 1996, amma a 2020 an saka masa gargaɗin yana iya taɓa ido in an daɗe ana sha. Sannan atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego ki barshi, a wannan ciwon tsokar wajen a ɗaure take, sassautawa take buƙata wajen masu fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki na asibiti.

Uwar Biyu:
Nagode ƙwarai Allah Ya saka da alheri, Hajiya ke ma nagode. Ni fa kullum sai nasha shayi da citta wai ina maganin sanyi. Kuma a ƙauye na tashi, wanki duk a rafi muke, zan faɗa wa likitar. Maman Shago da azumi ya kike yi da maganar ruwan?