Monita ta ce tana da sauti, direba ya ce babu: wa ke da gaskiya?

Tsohon_Allo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Monita ce ta HDMI mai lasifika a jikinta, haɗe da kwamfutar Linux mai katin hoto na Intel, direba (manhajar da ke sarrafa katin) i915. Hoto na fita tas. Amma sauti, yau a gan ta a jerin na'urori, gobe a ce ba a haɗa komai ba. In ma ta bayyana, 48 kHz ne iyakar saurin samfurin sautinta, alhali takardarta ta ce tana ɗaukar 96. Ba dabarar tilasta sauti nake nema ba. So nake in gano inda bayanin yake zubewa a hanya. Ta ina zan fara?

Mai_Kanel:
Wa alaikumus salam. Kada ka fara da kunne, fara da fayiloli biyu.

Monita tana faɗa wa kwamfuta abin da take iyawa ta cikin wani ɗan bayani da ke ajiye a jikinta, mai suna EDID. Direban hoto ne yake karanta shi, ya tsamo abin da ya shafi sauti, ya shirya shi a wani ƙaramin tsari mai suna ELD, ya miƙa wa direban sauti na ALSA, wato tsarin sauti na Linux. To gwajin duka shi ne: abin da monita ta faɗa, shi ne ya isa?

Na farko: edid-decode /sys/class/drm/card0-HDMI-A-1/edid

Na biyu: cat /proc/asound/card0/eld*

Fayilolin eld da yawa za ka gani, ɗaya ga kowace ƙofa. Nemi wanda monitor_present ɗinsa yake 1. A nan ka duba eld_valid, sad_count da sad0_rates. Idan edid-decode ya nuna 96 amma ELD ya tsaya a 48000, laifin direban hoto ne. Idan tun a EDID ɗin babu 96, ka wanke direba, ya faɗi abin da aka faɗa masa ne.

Batun ɓacewar kuma: i915 ba ya aika ELD sai lokacin da ya kunna fitar hoto a wannan ƙofar. Allo ya yi barci, eld_valid ya koma 0. Wannan ba lalacewa ba ce. Saboda haka ka yi gwajin allo na kunne.

Sifili_Da_Daya:
Ƙari kan bayanin Malam Mai_Kanel. Yana da kyau ka iya karanta lambobin da idonka, don manhajar fassara irin edid-decode ma tana iya tsallake abu.

Kashin farko na EDID bait 128 ne, kuma babu maganar sauti a cikinsa. Bait na 126, in an fara ƙidaya daga 0, shi ke faɗin kashi nawa ke biye. Wanda muke so shi ne na CTA-861, yana farawa da 02. A cikinsa za ka ci karo da jeri irin wannan, a rubutun hex (ƙidaya mai tushe 16): 23 09 07 07.

23 na nufin bayanin sauti ne, bait 3 na tafe. 09 shi ne LPCM, wato sautin da ba a matse ba, mai layi biyu (hagu da dama). Ana rubuta yawan layuka ne a rage ɗaya, shi ya sa mai layi takwas yake zama 0F. 07 na farko shi ne 32, 44.1 da 48 kHz. Na biyun kuma girman kowane samfurin sauti ne, bit 16, 20 da 24. Monitar da ke ɗaukar 88.2 da 96 za ta rubuta 1F a madadin 07 na farko. Kada lambobin ELD su rikita ka: ALSA na da nasa ƙidayar, 07 ɗin nan 0xe0 zai fito, 1F kuma 0x6e0.

Sai ka nemi 03 0C 00 a wannan kashin. Ita ce shaidar HDMI. In babu ita, direba zai ɗauki allon a matsayin DVI, haɗin hoto zalla, ba zai aika sauti ba. 

Gajeren_Hanya:
Ni dai da ka sa static_hdmi_pcm=1 a snd_hda_codec_hdmi ka huta.

Mai_Kanel:
A'a ɗan uwa, wannan cewa ALSA ne ya daina kula da ELD. Ka rufe wa mai gwaji ido ke nan. Kuma in monitar ba ta ɗaukar 96 da gaske, shiru ko ƙara zai ji.

In ana son a gwada direban shi kaɗai, sai a ba shi EDID da aka riga aka san abin da ke ciki. A matsayin root, mai cikakken iko a kwamfutar, rubuta fayil ɗin cikin /sys/kernel/debug/dri/0/HDMI-A-1/edid_override, ka kashe fitar hoton ka sake kunnawa, sannan ka karanta ELD. Rubuta reset a wurin yana mayar da komai yadda yake. Manhajar IGT, ta gwada direbobin hoto, tana da gwajin da ke yin wannan da kansa, kms_hdmi_inject, sashen inject-audio, amma sai ka rufe tebur ɗin hoto (desktop) tukuna, don tana bukatar katin a hannunta ita kaɗai.

Tsohon_Allo:
Na gode ƙwarai. EDID ya ba ni 23 09 07 07, ELD ma 0xe0. Ashe direba bai yi ƙarya ba. Sai dai sunan da ke monitor_name ba na monitar ba ne. Akwai ɗan akwatin raba HDMI a tsakani.

Sifili_Da_Daya:
To ga ɓarawon nan. Da yawa daga cikin akwatunan nan nasu EDID suke miƙawa, mai ƙaramin ƙarfi, don ya dace da kowane allo. Cire shi, haɗa waya kai tsaye, kwafe EDID na ainihi zuwa fayil, ka kwatanta su. In ka ga 1F, tabbatar da speaker-test -D hdmi:CARD=PCH,DEV=0 -c 2 -r 96000, ka canza lambar DEV har ka dace da ƙofar. Wasu akwatunan suna da ɗan maɓalli a gefe na kwafar EDID daga allo, duba naka kafin ka jefar da shi.