Zumata ta daskare an ce na yi algus, me doka ta ce?

Maman Biyu, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu kenan ina sayar da zuma daga gida. Kawuna ne ke kafa amya a wajen Gembu, yana aiko min jarka biyu ko uku, ni kuma in tace in ɗura a robobi. Da hunturun nan ya shigo sai rabin robobin suka daskare, ƙasan ya yi fari da tsaki-tsaki. Wata baiwar Allah da ta saba saye a wurina ta dawo min da roba biyu, a ƙofar gida, gaban maƙwabta, wai narkakken sukari nake sayar wa mutane. Hujjarta ta tsoma ashana a ciki ta ƙyasta, ba ta kama ba. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Sannan na kai wa wani mai shago, ya ce ba ya karɓar kayan da babu lambar NAFDAC. Yanzu ina son in buga takardar da ake mannawa a jikin roba, in sa "Zuma zalla, maganin olsa, basir da sanyi". Shin akwai dokar da ta fayyace mece ce zuma ta gaskiya? Kuma me ya kamata in rubuta?

Mai Amya:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, daskarewa ɗabi'ar zuma ce. Wani furen zumarsa ta fi wata saurin daskarewa, sanyi kuma yana ƙara mata. Ki sa robar cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, za ta saki. Kada dai ki ɗora ta a wuta. Gwajin ashana kuwa, da na tururuwa, da na ɗiga ta cikin kofin ruwa, duk na gwada su a kan zumar da na cire da hannuna daga saƙa, wani lokaci ta ci, wani lokaci ta faɗi. Sukarin da aka dafa ya yi kauri ma yana cin gwajin ashana lafiya lau.

Malamin Kimiyya, Kano:
Doka akwai, Hajiya. Ma'aunin da ƙasashe ke dogara da shi shi ne na Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, wanda aka fara fitarwa a 1981. Jigonsa ɗaya ne: abin da za a kira zuma ba a ƙara masa komai, ko ruwa ko sukari. Sai alƙaluma. Ruwan da ke cikinta kada ya haura kashi 20 cikin ɗari. Irin sukarin rake kada ya wuce giram 5 a cikin giram 100, ban da 'yan wasu nau'o'i da aka keɓe. Akwai kuma wani sinadari, HMF, da ke ƙaruwa idan an dafa zuma ko ta daɗe a zafi. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, amma an ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi irin namu zuwa 80.

A nan ne nake jin tsoro ga masu zumar ƙauye, ba a wajen sukari ba. Mutum bai yi algus ba, amma ya ɗora saƙar a tukunya don ta rabu da kaki, zumar ta yi baƙi tana warin hayaƙi, sai ta faɗi a ɗakin gwaji. Ko ya ciro ta tun ƙudan bai rufe saƙar ba, ruwa ya yi yawa, bayan wata biyu ta yi kumfa da tsami, robar ta kumbura. Ki tambayi Kawu yadda yake tatsa.

Takardar jikin roba kuma: sunan kayan, nauyinsa, sunanki ko na kasuwancinki da adireshi, lambar rukunin da aka ɗura, ranar ɗurawa da ranar da ya fi kyau a sha kafin ta, sai lambar NAFDAC. Kafin lambar ta fito sai kin yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan jami'an NAFDAC su zo su ga wurin da kike ɗurawa, su ɗauki samfuri su gwada. Maganar olsa da basir ki cire ta gaba ɗaya. Da sunan abinci za ki yi rajista, ba a yarda a rubuta a jikin abinci cewa yana warkar da cuta ba.

Abu Hafsa:
Malam, ai Allah da kansa ya ce a Suratun Nahli akwai waraka ga mutane a cikinta. Ya za a hana mutum ya faɗa?

Malamin Kimiyya, Kano:
Ba wanda ya musa ayar, ɗan'uwa. Amma ayar ba ta lissafa olsa da basir ba, mu ne muka lissafa. Mai ciwon sukari da ya karanta "magani" ya yi ta sha da cokali, wa zai ɗauki alhakinsa? In ma akwai abin ƙarawa a takardar, gargaɗi ne cewa kada a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda ƙwayar cutar da cikinsa bai iya jurewa ba tukuna.

'Yar Kasuwa:
Ni dai a matsayina na mai saye, lamba ba ta cika burge ni ba, don wasu bugawa kawai suke yi. Turai ma da duk kayan gwajinsu, a rahoton da suka fitar a 2023, cikin samfuri 320 na zumar da ake shigar musu, kashi 46 cikin ɗari an yi zargin an haɗa su da ruwan sukari. Shi ya sa a 2024 suka tsaurara doka, dole a rubuta kowace ƙasa da zumar ta fito da kasonta. Ke ma ki rubuta Gembu ɓaro-ɓaro, wannan zai fi jawo ni a kan "zalla" da kowa ke rubutawa.

Maman Biyu, Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira Kawu, ya ce da hannu yake matsewa, amma ragowar saƙar yakan ɗan ɗumama ta ya haɗa da sauran. Na roƙe shi jarkar gaba ya ware min waccan daban. Robobin kuma suna cikin baho da ruwan ɗumi yanzu haka, ɗaya ta fara saki. Malam, rajistar CAC ɗin dole sai na je Kaduna, ko ana yi ta waya?