Neman shawara: An yi min aikin ƙaba, jikina yana zubewa, yaushe zan koma ɗaga ƙarfe?

Wani ɗan zaure (an ɓoye suna):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci.

Shekarata 27, a Kano nake. Shekara shida ke nan ina ɗaga ƙarfe, kwana biyar a sati, ranar Asabar da safe kuma mu buga ƙwallo da 'yan unguwa. Yau kwana 16 da aka yi min aikin ƙaba a matsematsin dama. Tsagawa aka yi, aka sa raga a ciki. An cire zare ran kwana goma, wurin ya kame, ba ya ruwa, sai dai in na yi tari ko atishawa nakan ji ya ɗan ja ni.

Kafin aikin kilo 78 nake, jiya na hau sikeli na ga 74. Rigar da damtsena ke cika hannunta yanzu ta saki. Likita ya ce kada in ɗaga abu mai nauyi sai bayan sati shida, ni kuma ban tsaya na tambayi abin da zan iya yi kafin nan ba, saboda mutane sun cika a bayana. A gida Hajiyarmu ta hana ni ƙwai da kifi da gyaɗa, wai suna sa ciwo ya yi ruwa, daga kunu sai tuwo. Wani abokina da muke ɗaga ƙarfe tare ya ce in ɗaure cikina da bel in dawo in riƙa yin na hannu kawai a zaune, kuma zai samo min wata allura da ke riƙe tsoka.

Yanzu wahalar shekara shida za ta tafi a sati shida ke nan? Me zan yi wanda ba zai taɓa ɗinkin ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Baban Amira:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Irin aikin nan aka yi min. Ana sati na uku na ji garau, na ɗauki jarkar ruwa mai lita 25 daga ƙofar gida zuwa tsakar gida. Kafin magariba wurin ya kumbura ya yi tauri, washegari muna asibiti, aka ƙara min sati uku ina zaune. Kowa ƙarfen jim yake tunawa, alhali jarka, da buhun shinkafa, da jan igiyar janareto, da buga kik ɗin babur duk suna cikin abin da aka hana ka. Ka bar wa ƙannenka su.

Likitan fisiyo:

Ƙanena, sannu da jiki. Bari mu fara da kilo huɗun nan tunda su suka tayar maka da hankali. Ba dukansu ne tsoka ba. Tsokar mai atisaye tana tara wani nau'in sukari da take ƙonawa lokacin motsa jiki, kuma kowane giram ɗaya na sukarin nan yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ka daina atisaye, abincinka kuma ya ragu, sai ajiyar ta sauka, ruwan ya bi ta, damtse ya yi kamar an sace masa iska. Wannan a 'yan kwanaki yake cikowa in ka koma. Akwai asarar tsoka ta gaske a ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma rashin cin abinci ya fi rashin ɗaga ƙarfe jawo ta a halin da kake ciki.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, warkewar da kake gani da ido ta fata ce. Fata takan haɗe cikin kwana goma zuwa sati biyu. Naman ciki da aka tsaga, da ragar da ake so nama ya tsiro ya kama ta, nasu lissafin daban ne. A sati na uku ƙarfin wurin bai kai rabin na da ba, sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80 cikin 100. Sati shidan da likitanka ya faɗa ba daga kansa ya tsinto ba.

Maganar bel kuwa, kada ka soma. Amfanin bel ga mai ɗaga ƙarfe shi ne ya ba ciki abin da zai tokara, iskar da ka riƙe ta ƙara matsi a ciki, baya ya miƙe. Bel ɗin yana saman cibiya da ƙugu, ɗinkinka yana ƙasa a matsematsi, inda babu abin da ya tare shi. To ina matsin zai nufa? Kuma ko na hannu ne a zaune, muddin nauyin ya kai ka riƙe numfashi ka yi nishi, cikinka ya shiga aikin.

Abin da ke hannunka yanzu tafiya ce. Ka fara da minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana, a wuri mai shimfiɗe, da sassafe ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Duk bayan kwana biyu ko uku ka ƙara minti biyar, har ka kai minti talatin zuwa arba'in a tashi ɗaya, da saurin da za ka iya hira ba ka haki ba. Numfashin ɗan ƙwallo ya fi ƙarfin damtse saurin zubewa, cikin sati biyu zuwa huɗu yake fara raguwa, tafiyar nan ita za ta rage maka asarar. Tana kuma hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, tana sa ciki ya saki. In za ka tashi daga kwance ka fara juyawa gefe, ka sauke ƙafafu, ka tura da hannu. In tari ya zo ka dafe wurin da tafin hannu ko matashi.

In ka ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana zafi, ko mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa, ko amai da ciwon ciki mai tsanani, ko sha-raɓarka ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi maka wuya, asibiti za ka tafi a ranar, kada ka tsaya tambayar zaure.

Ɗan Fagge:

Ni fa sati biyu na yi na koma jim, ban ga komai ba. Likitoci suna da tsoratarwa.

Likitan fisiyo:

Malam, wane irin aiki aka yi maka, tsagawa ko na kyamara?

Ɗan Fagge:

Na kyamara ne, 'yan huji uku a ciki. Kuma gaskiya keken motsa jiki na fara hawa, ban taɓa ƙarfe ba sai daga baya.

Likitan fisiyo:

Ka ga bambancin ke nan. Na kyamara bai cika yanka nama da yawa ba, mutum ya fi saurin miƙewa. Kuma girman ƙabar, da yadda aka tarar da naman wurin, da ko mutum yana da ciwon suga ko yana shan taba, duk suna canja lissafin. Wanda ya buɗe wurin ya gani da idonsa shi ke da ta cewa.

Maman Khalil:

Ɗana, ni nas ce, kuma uwa ce, don haka na fahimci Hajiya. Tsoro ne ya sa ta hana ka, ba ta son a sake kwantar da kai. Amma ƙwai da kifi da gyaɗa ba sa sa ciwo ruwa, ƙwayoyin cuta ne ke sa shi. Abincin da aka hana ka ma shi jiki yake buƙata ya ɗinke kansa, in bai samu a kwano ba sai ya ciro daga tsokarka. Wani ɓangare na ramar da kake gani daga nan ne.

Mai nauyinka, in ƙodarsa lafiya lau, yana son furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, wajen giram 120 a rana, wato kimanin giram 1.6 a kowane kilo na jikinsa. Ƙwai ɗaya giram shida ne kawai, ka ga ba zai isa shi kaɗai ba. Ka rarraba: ƙwai uku da ƙosai ko alala da safe, wake da shinkafa da kifi da rana, awara ko ƙuli-ƙuli ko kindirmo mai tsabta tsakanin la'asar da magariba, nama ko kaza a miyar dare in hali ya yi. Ba sai ka sayi garin furotin na cikin roba mai tsada ba. Kuma kada ka ce tunda ba ka atisaye bari ka rage ci don gudun tumbi, jikin da ke warkewa ci yake so.

Abu ɗaya da maza ke jin nauyin faɗa: bayan gida. In ya yi tauri kana yunƙuri a tsugune, daidai yake da ɗaga ƙarfe. Ka sha ruwa sosai, ka ci zogale, alayyahu, gwanda, lemo da kankana. Magungunan kashe zafi irin su tramadol suna ɗaure ciki, in an rubuta maka kuma ka ga haka, ka gaya wa likita. Taba da shisha kuma suna jinkirta warkewa, ga tarin da suke jawowa.

Kada ka yi musu da Hajiya. Ranar komawa asibiti ka roƙe ta ta raka ka, ka tambayi likita maganar ƙwai a gabanta.

Koci:

Allah ya ba da lafiya. Na daɗe ina horar da samari, kuma abin da zan ƙara shi ne, wanda ya yi shekara shida yana gina jiki ba ya komawa sifili a sati shida. Tsokar da ta taɓa girma ta fi saurin dawowa a karo na biyu fiye da yadda aka gina ta da farko. Waɗanda na ga sun yi asara ta gaske su ne masu komawa da wuri, a sake kwantar da su.

Na ɗan saɓa da likitan fisiyo a wuri ɗaya: ina ganin robar ja, wato robar atisaye da ake ja, mara ƙarfi, ta kafaɗa da hannu, kana numfashi yadda ka saba, za ta iya shiga kafin sati shida. Amma da bakin likitanka, ba da nawa ba. Ka je masa da tambayoyi a rubuce: kilo nawa zan iya ɗauka yanzu, yaushe zan hau keken motsa jiki, yaushe zan fara sassarfa, yaushe ƙwallo.

In an sallame ka, ka fara da rabin nauyin da ka saba, ka fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ka ƙara kaɗan-kaɗan duk sati. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa da ɗago ƙarfe daga ƙasa su zo ƙarshe. Ƙwallo ma ka jinkirta ta, juyin ba-zata da buga shot daga matsematsi suke fitowa.

Allurar abokinka kuwa, ka ce masa ka gode. Irin waɗannan alluran suna sa jiki ya daina samar da sinadarin mazakutarsa, maniyyi ya ragu, jini ya hau, ga hatsarin ciwon hanta in allurar ta bi hannu da yawa. Saurayi ne kai, aure yana gabanka.

Malam na Zariya:

Allah ya sa kaffara ne. In ruku'u da sujada suna jan wurin, addini ya yi maka sauƙi. Sahabi Imrana bin Husaini ya yi fama da basir, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Azumin nafila ma in ka saba, ka ɗan dakata har jiki ya murmure.

Wani ɗan zaure (an ɓoye suna):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama, na karanta wa Hajiya saƙonki, ta yi shiru, sannan ta ce ƙwai ta yarda amma gyaɗa sai ta ji daga bakin likita. Alhamis za mu je tare. Yau bayan asuba na yi tafiyar minti sha biyar, na rubuta tambayoyin Koci guda huɗu a takarda, na ƙara ta robar ja ta biyar. Likita, tambaya ɗaya ta rage: ɗakina a saman bene yake, matakala goma sha huɗu, hawa da sauka sau nawa a rana ba zai zama matsala ba?