Neman kalmar Hausa: me za mu kira "finishin" a aikin gini?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe, musamman magina da kafintoci da malaman Hausa. Ina neman shawararku kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun bayan kaka, lokacin da na gina wa mahaifiyata sabon ɗakin girki a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, saboda damina ta ci ƙarfin tsohuwar madafarta. Ranar da aka ɗora kwano, birkila ya wanke hannunsa ya ce, "Hajiya, gini ya tashi, saura finishin." Inna ta juyo gare ni ta ce, "Mene ne kuma finishin, sayo shi ake yi?" Na kasa ba ta amsa da kalma ɗaya, sai da na lissafa mata shafen bango da fenti da tayal da silin da kantar da za ta riƙa yanka kayan miya a kai, sannan ta gyaɗa kai ta ce ai duk wannan ta san shi.

Ba na cikin masu son a kori kowace kalmar aro. Siminti da bulo da fenti da tayal sun zo mana ne da sunayensu, sun kuma zauna a bakinmu, babu dalilin tayar da su. Amma finishin ba kaya ba ne da aka sauke daga jirgi. Mataki ne na aiki, kuma mataki ne da maginanmu suka ƙware a kansa tun kafin buhun siminti ya iso ƙasar Hausa. Idan aka gama jera tubali aka yi yaɓe, sai a bi bangon waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwan sama ya zame bai ci ƙasar ba. Rufin soro kuwa laso ake shafa masa, haɗin katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, da gashin awaki daga majema da ruwan dafara, wani tsiro mai yaɗo da yauƙi. A cikin ɗaki mata ne ke da aikin: su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har daɓe ya yi ƙarfi ya yi sulɓi, sannan a shafa farar ƙasa a bango. Al'ummar da ta fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, tana da sunan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Abin da nake nema shi ne suna guda da zai tattara su duka, tsofaffi da sababbi.

Kalmar da ta fara zo mini ita ce "kammalawa", amma ta yi faɗi, domin kammala gini ya haɗa har da share fili da biyan ma'aikata da miƙa makulli. "Ado" da "kwalliya" kuma sun ɗauki rabin ma'anar ne kawai. Wanda ya shafa makuba ba don kyan gani kaɗai ya yi ba, kariya ce daga damina, haka nan tayal ɗin da ake mannawa a bangon da ke bayan murhu, amfaninsa na farko shi ne a goge maiƙo da tsumma cikin sauƙi. Idan muka kira wannan mataki ado, mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka abu ne da za a iya jinkirtawa sai an samu hali, alhali bangon da aka bari ba shafe shi ne ke fara zubewa. "Kwaskwarima" ta tsohon abu ce da ake sabuntawa. "Shafe" kuwa aiki ɗaya ne a cikin ayyukan, ba zai ɗauki daɓe da silin ba.

Shawarata ita ce "ƙarashe". Muna cewa ƙarashen labari da ƙarashen magana, wato ɓangaren da ya rage wanda idan babu shi abin bai cika ba. Na gwada ta a jimlolin da ake ji kullum a wurin aiki: gini ya tashi, saura ƙarashe, kuɗin ƙarashe ya kusa kai na bulo, wannan kafinta ya iya ƙarashe. Ban ji ta yi nauyi a ko ɗaya ba.

Sai dai akwai ma'ana ta biyu, kuma ita ce ta jawo mini asara. Masu sayar da kaya suna amfani da finishin wajen nufin yadda saman abu yake, ko yana ƙyalli ko ba ya yi, ko da santsi ko da kaushi. Da na aika a sayo tayal ɗin ƙasa, abin da na faɗa a waya shi ne a zaɓo mai kyakkyawan finishin. Ni ina nufin mai inganci, wanda na aika kuwa ya fahimci mai sheƙi, ya kawo irin wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Mako biyu da gama aiki, ƙanwata ta shigo da tukunyar ruwa a ka, ta taka inda ɗan man gyaɗa ya ɗiga, ƙafarta ta tafi, ta ƙwale gwiwa, tukunyar ta fashe. Da na ce a sayo mai kaushi, marar santsi, da babu yadda za a yi a kuskure nufina. Kalmar da kowa yake cikawa da tasa ma'anar ba ta da amfani a ciniki. Ga wannan ma'ana ta biyu ina ganin "fuska" za ta yi: tayal mai fuskar sheƙi, fenti mai fuska marar sheƙi, dutse mai fuskar kaushi.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Na gode ƙwarai. Wani malami daga Haɗeja ya yi gyara mai ma'ana, cewa "ƙarasa" tana da wata ma'ana a bakin mahauta da makiyaya, ta yanka dabbar da ke gab da mutuwa, kuma wasu za su iya jin "ƙarashe" kamar ragowa. Allah ya gafarta malam, na karɓi wannan, amma ina ganin muhallin magana yana raba gardama, kamar yadda "marmara" take nufin jan dutsen da ake haƙa a kududdufi, take kuma nufin farin dutsen alfarma da ake shimfiɗawa a masallatai, ba a taɓa rikita su a wurin aiki ba. A rubutu sai mu cika ta mu ce "ƙarashen gini" ko "aikin ƙarashe".

Wata baiwar Allah daga Kura ta ce ita "jiki" ta fi so a kan "fuska", domin idan mace ta taɓa yadi cewa take yi jikinsa da laushi, ta kuma tuna mana da mabugan garinsu waɗanda ke bugun baƙin yadi da shuni har ya ɗauki sheƙi. Yaya, hujjarki ta yi ƙarfi har ta sa na yi jinkiri. Abin da ya riƙe ni a kan fuska shi ne tayal da katako suna da fuska da baya, kuma ɓangaren da ake gyarawa a nuna shi ne fuskar. Duk da haka, da na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman tayal ɗin da zan maye gurbin na farko da shi, na jiƙa tafin hannuna na shafa samfura uku, sai na ji bakina da kansa ya ce wannan jikinsa ya fi kaushi. Wataƙila harshen ya riga ya raba su: fuska ga abin da ido ke gani, jiki ga abin da hannu da ƙafa ke ji. Zan so maginan Gumel da Kazaure su faɗa mana wadda suka fi ji a bakin masu ba su aiki.

"Ƙarashe" dai na fara aiki da ita. Da birkila ya dawo sauya tayal, Inna ta nuna masa kusurwar da take ajiye turmi ta ce kada a sa tayal a nan, domin taɓarya za ta farfasa shi a kwana uku. Na ce masa, "Malam, wannan kusurwa ƙarashenta daɓe ne." Bai tambaye ni abin da nake nufi ba, sai ya ce to a nemo masa tsakuwa da makuba kafin ranar Asabar.