Na canza madabod, lasisin G.729 ya daina aiki

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Muna da saba (kwamfutar da ke haɗa wayoyin ofis) mai manhajar Asterisk a ofis, akwai lasisin G.729, wato tsarin matse murya a kiran intanet, na layi 10 a kanta tun da daɗewa. Shekaranjiya madabod ɗin (babban allon cikin kwamfutar) ta ƙone na sa wata, hard disk ɗin dai shi ne ban taɓa komai a ciki ba, saba ta tashi lafiya lau amma duk kiran da ya shigo daga reshenmu da an ɗauka sai ya katse. Na buga g729 show licenses ya nuna min ba ko ɗaya, alhali fayil ɗin yana nan a /var/lib/asterisk/licenses da idona na gan shi. Oga sai leƙowa yake yana tambaya ko an gama. Sai na sake saye kenan?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa lasisinka bai ɓata ba, saba ce bai gane ba. Ranar da aka yi rajista, manhajar ta tattara lambar MAC (lambar shaidar kati) ta duk katin netwok da ke jikin injin ta haɗa abin da ake kira Host-ID, da shi aka ɗaure lasisin. To katin a jikin madabod yake, ka ga ya tafi da lambarsa. Ko kati ɗaya ka ƙara ko ka cire ma haka za ta faru. Nemo lambar lasisin ta asali ka sake rajista da manhajar register, in ta ce ka cinye damarka sai ka rubuta wa kamfanin su buɗe maka. Digium ne masu shi da, amma Sangoma ta saye su a 2018, can za ka nufa.

Zee: Ni dai tambayata, me ya sa har yanzu kuke kan G.729? Da can da intanet ke da ƙaranci ne ake rububinsa, shi kilobit 8 yake ci a daƙiƙa, ɗaya tsarin murya na G.711 kuwa 64. In layinku da reshen yana da ƙarfi ka mayar da su G.711 yau ɗin nan oga ya samu barci, murya ma ta fi fita tas.

Abba Netwok: Zee ba kowa ke da irin layinki ba fa. Amma ka sani in wayoyi biyun duk G.729 suke magana, saba wucewa kawai take da muryar, ba ta buƙatar lasisi. Sai in za ta juya shi zuwa wani kodek (wani tsarin murya kamar G.711), ko ɗaukar murya, ko kiran taro. Kuma haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare tun Janairun 2017, akwai bcg729, manhajar G.729 ta kyauta, sai dai za ka ɗan sha fama wajen haɗa shi.

Malam Habu: Wani zai zo ya ce maka ka canza MAC ta sabon kati ta koma ta tsohon. Kar ka fara, ka bi ta ƙofa tunda da kuɗinku kuka saya.

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara basira. Na mayar da reshen G.711 kira na shiga yanzu. Lambar lasisin ce dai ake ta nema, wanda ya yi rajistar ya bar aiki, gobe zan sa a buɗe min tsohon imel ɗinsa.