An tsaga titin layinku an tafi? Ku faɗa mana yadda aka ƙare

Baban Khalifa, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, kuma duk inda ka bi a Jos sai ka tarar an tsaga titi, an binne bututun ruwa ko wayar intanet, an tura ƙasa sama-sama an yi gaba. A layinmu ruwan sama ya kwashe ƙasar, yanzu kwata ce ta ratsa titin. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa: sun nuna takardar izini? Wa ya gyara daga baya?

Ɗan Keke na Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Mu direbobi muka fi kowa jin jiki. Da magariba na ɗauko wata baiwar Allah da kwandon tumatir, ana yayyafi, ruwa ya cika ramin ya daidaita da kwalta. Babu ganga, babu jan ƙyalle, ko reshen bishiya ba su ajiye ba. Tayar gaba ta faɗa, gilashi ya tsage, tumatir ya watse cikin laka, matar ta bugu a gwiwa. Washegari na koma neman masu aikin, sai leburori na samu, su ma ba su san sunan wanda ya ɗauke su ba.

Maman Ummi, Gangare:
Allah ya kiyaye gaba, Malam. Mu a ƙofar gida suka haƙa. Katako guda muka gitta, a kansa yara ke tsallakawa zuwa Islamiyya, kullum zuciyata a tsaye. Kurar mai ruwa ma ta daina shigowa, sai ya ɗauko jarka a hannu daga bakin layi, ya ƙara mana kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba.

Injiniya mai ritaya, Rikkos:
Bari in ɗan tsawaita, domin aikina ne. Babu wanda ke da hurumin tsaga titin gwamnati sai da izinin mai titin. Manyan hanyoyi irin titin Bauchi da na Zariya na tarayya ne, ma'aikatar ayyuka ta tarayya da FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, ke kula da su. Na cikin gari kuwa galibi na jiha ne, a nan JMDB, hukumar raya birnin Jos, da ma'aikatar ayyuka ta jiha ke shigowa. Kamfanonin sadarwa suna biyan kuɗin bin hanya, wato kuɗin izinin binne wayarsu a titi: a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 kowace mita, Filato ta karɓi farashin a 2020. Amma biyan wannan bai sauke musu nauyin mayar da titi yadda suka same shi ba.

Inda ake cutar mu shi ne wajen cikon. Ƙa'ida ita ce a yanka kwalta da injin yanka, bakinta ya fita sumul. A shimfiɗa yashi a kwantar da bututu, a rufe shi da yashi, a ɗora ledar gargaɗi a sama don mai haƙa na gaba. Sannan a riƙa zuba marmara kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daddale da inji kafin a ƙara wata. Sai tsakuwa, sai kwalta. Su kuwa tifa ɗaya suke juyewa, mota ta taka sau biyu, su ce an gama. Iska na nan a cikin ƙasar, ruwan Agusta ya shiga ta tsagar, ya bi ƙarƙashin kwaltar da ke gefe ya jiƙa ta. Shi ya sa ramin da ya fara da faɗin shebur yake cinye rabin titi kafin kaka.

Fulamba, Dilimi:
Gaskiya ne, Baba. Sai dai ba kamfanoni kaɗai ba ne. Magidanta da yawa sukan kira ni su ce in fasa titi da daddare in ja musu famfo. Ba na yi. Akwai masu huda ta ƙarƙashi a tura bututu ba tare da an taɓa kwalta ba. Ya fi tsada, kuma a Jos wani lokaci dutse kan tare hanya, amma titi na tsira.

Abu Sadiq, Bukuru:
Mu mun dace. Suna sauke diga Mai Unguwa ya fito ya ce a nuna takarda. Babu. Ya ce to a dakata. Da suka dawo da ita, muka ɗauki hotonta da hoton titin kafin a taɓa, muka karɓi lambar injiniyan da ke kula da aikin. Matasa suka tsaya a kansu har aka kawo injin daddalewa. Damina ta wuce a kai bai lotsa ba.

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe Injiniya, muna shirin yin karo-karo mu zuba kankare a namu. Ya kake gani?

Injiniya mai ritaya:
Kada ku zuba a kan wannan ƙasar, zai dare. Ku fara rubuta takarda ta hannun Mai Unguwa da kansila, ku haɗa da hotuna, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan aka ba ku dama, ku kwashe lakar har ku isa ƙasa mai ƙarfi, ku cike da marmara hawa-hawa. Ranar da za ku fara ku sanar da ni, zan zo in duba.